Jakar Shekara Ta Sha Takwas

A garinmu Okunose, in ka hango mutum a kasuwa ya cusa hanci cikin tsohuwar jaka yana shinshinawa, ba sai ka matsa kusa ba, Umezawa Tokuji ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa. Da ya yi ritaya sai aka wayi gari ya naɗa kansa masanin jakunkunan sojan zamanin yaƙi. Har kati ya buga, ya sa aka rubuta masa Sensei, wato babban malami, yana miƙa wa mutanen da suka san shi tun yana yawo da majina.

Jakar da yake nema ita ce irin wadda kowane soja kan rataye a gida yana jiran ranar kira. 'Yar jakar ƙyalle ce ruwan ƙasa, mai zariya a baki, da tauraro a gaba da sunan mai ita, a bayanta kuma jerin abin da doka ta ce a zuba ciki. Tokuji ya tara ɗari biyu da 'yan kai. Wata ta shinkafa ce, wata ta takalman 'yan makaranta, wata bara-bara aka ɗinka ta domin 'yan wasan kwaikwayo, amma a wurinsa duka sun je fagen fama sun dawo. Ya jibge su a ɗaki mai tabarma shida, don mu da tabarma muke auna faɗin ɗaki, ɗakin da ya fi kowane samun rana a gidan.

Matarsa Fumie ta daɗe da sa ido a kan wannan ɗaki. Shekara arba'in tana ɗinki a lungun kicin, tana zura zare a allura cikin duhu, ga ido ya fara gajiya. Rannan da safe ta ajiye masa shayi, ta ajiye takardar sanarwa kusa da kofin.

"Baban Chizuru, ka ga wannan? Gidan tarihi na gari zai buɗe sashen kayan yaƙi. Ran ɗaya ga Satumba za su aiko ma'aikaciya zauren unguwa ta duba abin da mutane ke da shi."

"Ai na sani. Domin ni suka shirya."

"To madalla. In ta karɓi jaka ɗaya daga cikin naka, ɗaya tak, ɗaki ya zama naka har ka mutu, ba zan ƙara magana ba. In ba ta karɓa ba, Talata ranar sharar ƙonawa ce."

Tokuji ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Ɗaya? Ki ce su zo da mota."

Da baki ya faɗa, amma da ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa sai ya rasa ta nunawa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya ajiye. Ba wadda ta yi masa kama da abin da za a sa a gilashi. Yana son ɗakin nan ƙwarai, domin nan kaɗai ne wurin da ba wanda ke tuna masa mitar ruwa.

Ran Lahadi aka ci kasuwar gwanjo a harabar haikali. Can ƙarƙashin wani tebur, tsakanin tsohuwar tukunyar shinkafa da lema mai karyayyen haƙarƙari, ya hango ta. Ruwan ƙasa ce, ƙyallen mai kauri, ga tauraro, ga rubutun alƙalamin gashi irin na mutanen da. Ya goge ƙura da hannun riga ya karanta: "Rukuni na uku." Ƙasa da shi wani tabo baƙi, sannan "shekara ta sha takwas." Da idonsa ya sauka kan sunan mai jakar, sai da ya sake karantawa. Umezawa.

Mu dai nan da zamanin sarki muke ƙirga shekara, in sabo ya hau a koma ɗaya. Shekara ta sha takwas ta zamanin Showa kuwa tsakiyar yaƙi ce, kowane ɗan makaranta ya san wannan. Tokuji bai tsaya ciniki ba. Ya rungume jaka ya nufi shagon Kanamori mai aski, inda duk labarin unguwa ke sauka kafin ya isa gida.

"Kanamori, ajiye almakashin nan ka ga tarihi."

Kanamori ya juya jakar gaba da baya.

"Sensei, wannan tauraron bai yi kama da na tutar unguwarmu ba?"

"Unguwa ce ta kwaikwayi soja. Shinshina ka ji."

"Na ji warin maganin sauro."

"Albarushi ne. Hancinka ya mutu da man gashi."

"To wane ne Umezawan?"

A iya sanin Tokuji kakanninsa duk masu guragun ƙafa ne, ba wanda soja ya ɗauka. Amma nan take ya samo amsa.

"Ƙanin kakana ne. Ba a maganarsa a gida. Aikin asiri ya yi."

Kafin a gama wa mutum biyu aski, ƙanin kakan nan ya sami suna, ya sami gashin baki, ya ƙetare kogi da jakar a baki.

A gida Fumie na shanya a bayan ɗaki. Ta zaro 'yan maƙalan shanya daga tsohuwar jakar da ke rataye a jikin sanda, ta waiwayo ta ga abin da ke hannun mijinta. Ta tsaya da rigar a hannu.

"Baban Chizuru, a ina ka samo wannan?"

"Inda masu ido ke samowa."

"Ai wannan jakar..."

"Fumie, don Allah. Wannan ba maganar ɗinki ba ce. Ke abin da kika sani a jaka shi ne wancan tsumman naki na shanya. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Ta dube shi, ta dubi jakar.

"To, Sensei," in ji ta, ta ci gaba da shanya.

Duk wanda ya san Fumie ya san in ta kira shi Sensei akwai magana a ƙasa. Shi kuwa daɗi ya ji, ya ce a ransa yau dai ta sallama.

Sai aka shiga gwaje-gwaje. Masu wannan sana'a kan zare zare ɗaya su ƙona. In auduga ce ta zama toka, in zaren roba ne na zamani ya dunƙule ya yi wari. Tokuji ya tara mutane a shagon aski domin su shaida. Ya kyasta ashana, ya sunkuya da gilashin ƙara girma don ya gani da kyau, ya sunkuya ƙwarai, sai ga ƙauri ya tashi. Girarsa ta hagu ta tafi gaba ɗaya. Zaren kuma ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo.

"Ya dunƙule, Sensei," in ji Kanamori.

"Gashin girata ne ya haɗu da shi. Gwajin ya ɓaci."

"In aske ɗayar su yi daidai?"

"Ka taɓa ta ka gani."

Kashegari ya dawo da tocila mai shuɗin haske, wadda ke sa zaren zamani ya yi ƙyalli. Aka ja labule, ya haska. Ɗinkin jakar nan kaf ya ɗauki haske, layi-layi, kamar fitilun titi. Wani tsoho da ke jiran aski ya yi tari. Tokuji ya gyara tsayuwa.

"Kun gani ko? Zaren musamman ne, domin soja ya gane jakarsa cikin duhu. Rundunar asiri kaɗai aka ba."

"Abokan gaba fa, ba su gani?"

"Su ba su da irin wannan tocila."

Saura jerin kayan da ke bayan jakar, wanda datti ya rufe. Tokuji ya karanta a wani wuri cewa tururi na fito da tsohon rubutu, kuma ba inda ya kai shagon awarar tsohuwa Otake tururi a duk unguwar. Ya same ta tana tace waken soya. Otake ta haura tamanin, kunne ya yi nauyi amma baki na nan da kaifinsa.

"Toku-chan, me ya cinye maka gira?"

"Sensei ake ce mini yanzu, Goggo."

"Ni na yi maka wanka kana jariri. Me kake so?"

Ya riƙe jakar bisa tukunya. Tururi ya turnuƙe tabaraunsa, ya laluba da ƙafa, ya zura ta cikin bokitin dusar wake har idon sawu. Amma rubutu ya fito. Ya cire tabarau ya karanta a hankali: ruwan sha, busasshen biskit, tocila, rediyo, safar hannu.

"Rediyo," in ji shi. "Ƙaramin soja da rediyo. Ashe rundunar sadarwa ce."

Otake ta miƙo wuya ta ƙura wa jakar ido.

"Kamar na san wannan ɗinkin."

"Kowa ya ga abu mai daraja sai ya ce ya san shi."

"Layin ƙarshe fa, me ya ce?"

Layin ƙarshe bai fito sosai ba. Kalma ɗaya ce ta bayyana, "waya." Tokuji ya ce wayar tarho ce ta fagen daga, wadda ake ja cikin rami. Ya fita yana barin sawun dusa har bakin titi.

Fumie ta sake gwadawa sau ɗaya, ana gobe taro, suna cin abincin yamma.

"Ka tuna shekarar da aka fara atisayen girgizar ƙasa a unguwar nan?"

"Ina ruwana da atisaye? Bayana ke ciwo a lokacin."

"Shekara goma sha takwas bayanka na ciwo duk ran ɗaya ga Satumba."

"Fumie, ina shirya jawabi a kaina. Ƙara mini shinkafa."

Ta ƙara masa. Ta cika kwanon har ya yi tozo.

Ran ɗaya ga Satumba zauren unguwa ya cika tun ƙarfe goma. Da gangan gidan tarihi suka zaɓi ranar, domin ita ce ranar atisaye, kowa na unguwa yana jiran jiniyar sha ɗaya. Ma'aikaciyar da aka aiko, Tsurumi-san, kamar a ce Malama Tsurumi, matashiya ce mai sanyin murya da farar safar hannu. Wani ya kawo gorar ruwan soja, ta karɓa. Wata ta kawo katin gaisuwa da kakanta ya aiko daga fage, ta karɓa da hannu biyu. Sai ga Tokuji cikin baƙin kwat na zuwa biki, an zana masa gira da fensirin Fumie, ta fi 'yar'uwarta tsawo. Ya turo keken cefane cike da jakunkuna, ita kuma ta musamman tana cikin akwatin katako.

Tsurumi-san ta bi na cikin keken ɗaya bayan ɗaya. Ladabi ya hana ta cewa a'a. Kowace ta ɗaga sai ta ce, "An adana ta da kyau," ta ajiye a hagu. Hagu ya yi tsibi, dama ba ko ɗaya. Gumi ya fara wanke girar fensir.

"Waɗannan share fage ne," in ji Tokuji. Ya buɗe akwati, ya juya ya fuskanci jama'a. "'Yan'uwa mutanen Okunose, yau zan buɗe asirin da gidanmu ya ɓoye shekara tamanin."

Ya yi minti ashirin yana magana. Ƙanin kaka ya ƙetare kogi biyu yanzu, da rediyo a ka da waya a haƙori. Tsurumi-san dai ta sunkuya kan jakar. Ta ɗiga ruwa a ɗan auduga, tana goga baƙin tabon nan a hankali.

"Umezawa-san, gafara dai. Wannan tabon miyar waken soya ne, yana fita."

"Jini ne."

"Yana fita dai. Akwai rubutu a ƙarƙashi."

Daidai nan jiniya ta ɗauka. Kamar yadda aka saba, duk wanda ke gida ya ɗauki jakarsa ta gudun girgizar ƙasa ya nufo zaure, rukuni-rukuni, a kira suna. Matasa suka shigo da sabbin jakunkuna masu ƙyalli da aka raba bara. Bayansu sai ga tsofaffin matan rukuni na uku, su bakwai, Otake a gaba da sandarta. Kowace na rataye da jaka ruwan ƙasa, mai zariya, mai tauraro.

Kanamori ne ya fara magana.

"Sensei, ga sauran rundunar asiri sun iso."

Otake ta taka har gaban tebur, ta ajiye tata kusa da tasa. Ba ka bambance su sai da suna.

"Na ce na san ɗinkin nan. Mu muka ɗinka su da tsohuwar rumfar bikin bazara, muka rina da ruwan kanya. Marigayi malamin rubutu ya rubuta wa kowane gida sunansa. Wannan ta gidanku ce, Toku-chan. Matarka ta fi kowa iya kalmasa baki, ga hannunta nan."

Tsurumi-san ta ɗago audugar, fuskarta ta yi ja don kunyar abin da za ta faɗa.

"Shekara ta sha takwas ce, gaskiya ne. Amma ta zamanin Heisei."

Wato zamanin sarkin da ya gaji na Showa, shekara sittin da uku bayan wadda yake nufi. A lokacin Tokuji na nan yana karanta mitar ruwa, da tumbinsa.

"Layin ƙarshe fa?" wani ya tambaya daga baya.

Otake ta juya tata jakar, wadda rubutunta ke nan raɗau.

"Abin cajin waya."

Dariyar da aka yi, sai da shugaban unguwa ya daina kiran suna ya zauna. Wata tsohuwa ta riƙe ciki tana neman ruwa, aka zaro mata daga jakar rundunar asiri. Tokuji ya buɗe baki ya ce ko a zamanin Heisei ma akwai abubuwan da gwamnati ba ta faɗa, amma ba wanda ya ji shi.

Fumie ce ta shigo ƙarshe, tana haki, hannunta a jiƙe. Jiniya ta same ta tana shanya, sabuwar jakar kuma Tokuji ya danne ta da akwatunansa, sai ta fizgi ta maƙalan shanya don kada ta zo hannu rabbana.

"Ke kika kai ta gwanjo?" in ji Tokuji a hankali.

"Da aka raba sabbi. Sau biyu ina so in gaya maka, ka ce ba fannina ba ne."

Tsurumi-san ba ta jin su. Idonta na kan abin da ke hannun Fumie, wani tsumma da rana ta cinye har ya koma fari-fari, da faci biyu a gindi.

"Baiwar Allah, ko zan iya gani?"

Aka zazzage maƙalai a tebur. Ta juya jakar ciki waje, inda rana ba ta taɓa ba. Can ga launin na asali, ga ɗan jan hatimin ma'ajiyar soja, ga suna da tawada: Nagamine Seikichi.

"Babana ne," in ji Fumie. "Da ita ya tafi, da ita ya dawo, ba komai ciki sai cokali. Innata ta ce jakar da ta dawo mata da miji ba za ta kwanta a akwati ba, kullum sai ta gan ta. Shi ne ta rataye ta wurin shanya. Da ta rasu na ɗauko."

Dariya ta lafa. Otake ta sunkuyar da kai, domin nata uban bai dawo ba, ko jakar ba a kawo musu ba. Tsurumi-san ta ajiye jakar a dama, ita kaɗai, ta ce in Fumie ta yarda za a sa ta a gilashin tsakiya. Fumie ta shafa facin da uwarta ta yi, ta ce ta yarda, da sharaɗin a sa maƙalin shanya ɗaya a gefenta.

Tokuji ya yi gyaran murya. Shekara da shekaru yana wucewa ƙarƙashin jakar nan, sau da yawa tana bugun goshinsa.

"Dama na daɗe ina zarginta. To, Fumie, an karɓi jaka daga gidana. Magana ta ƙare."

"Daga cikin naka na ce."

"Abin mata ai na miji ne."

"Kanamori-san, ranar da ya kawo waccan, me ya gaya muku game da wannan?"

"A shago dai ya ce duk gidansu ba mai ido sai shi, matarsa tsumma take ratayewa a sanda."

"To tsummana ne," in ji Fumie.

Talata da safe aka ga Tokuji yana jan keke zuwa wurin shara, sawu huɗu. A sawu na ƙarshe Otake ta tare shi ta zaɓi guda goma masu kauri, ta ce za su yi tatar wake. Shi ne karo na farko da wani ya nemi abu daga tarinsa, har ya ɗan ji sanyi, ya fara ba ta tarihin kowace. Ta ce ya rage surutu ya ɗaure mata su.

Yanzu in ka bi ta bayan gidan da hantsi za ka ji keken ɗinki na gudu a ɗaki mai tabarma shida, taga a buɗe, rana har tsakar ɗaki. Shanya kuwa ta koma hannun Tokuji, tunda Fumie ta ce aiki ya yi mata yawa. Jaka ɗaya ta bar masa, ta rukuni na uku, ita ce ke rataye a sanda cike da maƙalai. Girar ta fara tsirowa.

Rannan Kanamori ya leƙo ta kan shinge.

"Sensei, an ce jakar gidanku na gilashin tsakiya."

"Ni na gano ta. Da ban kai waccan ba, wa zai duba wannan? Dabara ce irin ta masana."

"Haka ne. Wannan ta jikin sandar fa, ta wace shekara ce?"

"Sha takwas."

"Ta wane sarki?"

Tokuji ya cusa maƙali biyu a baki, ya ɗaga zanen gado ya shanya tsakaninsa da Kanamori.